Tsofaffin coci-coci da ɓoyayyen tarihin Kiristocin ƙasar Hausa: Abubuwan da ya kamata ka sani

Ka tare mutumin unguwar Ɗan Iya, ko na Makama, ko na Dawaki, ka ce ya lissafa maka wuraren tarihin Bauchi. Zai fara da fadar Sarki, ya kawo ganuwar da Malam Yakubu ya kewaye garin da ita bayan kafa shi a 1809, ya ambaci kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa, in ya leƙa waje ya ce Yankari. Da wuya ya sa coci a lissafin, ko da kuwa ta ƙofar wata yake wucewa kullum in za shi kasuwar Wunti. Yawancinmu haka muka taso: coci abin baƙi ne, na mutanen kudu ko na mutanen kan dutse, ba ya cikin labarin gari.

Wannan fahimta tana bukatar gyara. Akwai Hausawa da Fulani da suka yi sama da shekara ɗari suna Kirista, kaka da kakanni. Akwai malaman da aka kashe ko aka kora a ƙarni na 19 saboda abin da suka faɗa game da Annabi Isa, alaihis salam, tun Bature bai taka Kano da bindiga ba, kuma duwatsun Ningi ne suka ɓoye waɗanda suka tsira. Akwai cocin da magina Hausawa suka ɗora da tubali da azara. Duk wannan tarihinmu ne, kuma yana lalacewa a idonmu.

## Me ya sa coci-cocin Bauchi suke bayan gari?

Amsar tana cikin yadda Turawa suka tsara mulkinsu. Sun ci Bauchi a 1902, suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Bayan faɗuwar Sakkwato, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba. Waɗanda suka gaje shi sun riƙe alkawarin da hannu biyu, har fiye da shi kansa: suka hana 'yan mishan zama cikin biranen sarakuna, suka nuna musu hanyar ƙasashen da Musulunci bai kafu ba. Lissafin mulki ne ya sa haka. Sojojinsu kaɗan ne, haraji kuma ta hannun sarakuna yake shigowa, don haka ba sa son duk abin da zai tayar da ƙura.

Dokar tsara garuruwa ta 1917 ta ƙara wa abin ƙarfi. Birni na 'yan gari, Sabon Gari na baƙi, bariki na Turawa, da filin yadi 440 da aka ce a bari tsakanin gidan Bature da na baƙar fata. Kiristocin farko da suka taru a garin Bauchi akawuna ne da 'yan kasuwa da sojoji da 'yan sanda, kuma inda aka ba su masauki nan suka kafa ɗakin sujada. Zuwan jirgin ƙasa a 1961 ya ƙara musu yawa, zaman Bauchi babban birnin jiha a 1976 ya ninka. Shi ya sa yau za ka ga manyan coci-coci a Bayan Gari da Yalwa da wajen tashar jirgin ƙasa. Babbar cocin Katolika ta St. John tana kusa da Wunti. A 1996 aka ware Bauchi ta zama yanki mai cin gashin kansa a tsarin Katolika, a 2003 ta zama cikakkiyar diyosis. Angilikan kuwa sun naɗa wa Bauchi bishop nata tun 1990.

A karkara labarin daban ne. Mishan ɗin SIM ta buɗe tasha a Kaltungo a 1917, lokacin ƙasar Tangale tana cikin Lardin Bauchi, ta kuma shiga ƙasar Jarawa ta Bununu. Mishan ɗin SUM ta shiga ƙasar Sayawa, inda aka sami irin su Baba Peter Gonto, wanda yana cikin na farko da suka karɓi bishara a can, daga baya ya zama jagoran mutanensa. Inda aka buɗe wa mishan ƙofa kusa da manyan birane, ta hanyar jinyar kutare ne: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato, duk daga ƙarshen shekarun 1930, sai kuma Bayara a nan gefen Bauchi.

Illar wannan tsari ita ce wadda har yau muke fama da ita. Ɗan gari in ya zama Kirista, dole ya fita bayan ganuwa, domin can ne ikilisiya take. Da ya fita, sai a daina ƙirga shi cikin 'yan gari. Jikansa kuma a tambaye shi daga wace jiha ya zo.

## Kafin Turawa: abin da ake faɗa da abin da aka rubuta

Ana yawan jin cewa Gobirawa asalinsu Kibɗawan Masar ne. Maganar tana da tushe a rubuce, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo ta cikin Infaƙul Maisuri. Ana kuma jingina gicciyen Agadas da labarin Kisra da tsohon Kiristanci. Waɗannan labarai ne na asali, irin waɗanda kowace al'umma take da su, kuma ba a tono wata tsohuwar coci a ƙasar Hausa da za ta tsaya musu shaida ba. Mai son wannan tarihi da gaske bai kamata ya ɗora gini a kansu ba.

Abin da takarda ta riƙe shi ne tafiyar wasu limaman Katolika biyu na ɗariƙar Faransiskan, Carlo na Genoa da Severino na Silesia. Sun ji ƙishin-ƙishin cewa akwai Kiristoci a kudancin Barno, suka taso daga Tarabulus a 1710, suka bi ta Fezan da Agadas, suka iso Katsina a 1711. Ciwo ya kashe su a can. Ba su bar coci ba, ba su bar almajiri ba.

## Su wane ne Isawa, kuma me ya haɗa su da Ningi?

Nan ne zuciyar labarin, kuma nan ne ya fi shafar Bauchi.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, an yi wani malami a Kano ana ce masa Malam Ibrahim. Karatunsa na Alƙur'ani ya tsaya a kan ayoyin da suka yi maganar Annabi Isa: haihuwarsa ba uba, mu'ujizojinsa, ɗauke shi zuwa sama. Zamanin kuwa zamani ne na jiran Mahdi da saukowar Annabi Isa, domin ƙarni na 13 na Hijira yana gab da cika, mutane da yawa na ganin ƙarshen duniya ya matso. Malam Ibrahim ya kai ga ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda malaman gari za su lamunta, ya kuma tara almajirai. Aka kira su Isawa, wasu kuma suka ce Bani Isra'ila.

Yadda zuriyar almajiransa suka riƙe labarin, an kai shi gaban Sarki, aka nemi ya janye, ya ƙi. Aka tsire shi a kasuwar Kurmi, a wajajen shekarun 1860. Sun ce kafin mutuwarsa ya gaya wa mutanensa su watse, su kuma jira waɗanda za su zo musu da cikakken labarin Isa.

Ina mutum zai gudu a lokacin in ya saɓa da Sarkin Kano? Ningi. Tun wajajen 1846 Malam Hamza ya bar Tsakuwa ta ƙasar Kano tare da wasu malamai, bayan rikici kan haraji, ya shiga duwatsun da Butawa da Warjawa da Pa'awa suke zaune. Suka haɗa kai suka kafa daular da ta gagari Kano da Bauchi da Zazzau har zuwan Turawa. Sarkin Bauchi Ibrahim ɗan Yakubu ya ƙare yawancin mulkinsa yana yaƙi da su, har ya koma Rauta da zama, aka kuma kafa Kafin Madaki a matsayin ribaɗi. Cikin waɗannan duwatsu wasu Isawa suka fake, wasu kuma suka bazu ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zariya.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa hukuncin ya yi tsanani haka. A idon fada, malamin da ke da mabiya, yake koyar da abin da ya saɓa wa na alƙalai, a daidai lokacin da wasu malamai suka kafa tawaye a Ningi, barazana ce ga sarauta, ba saɓanin fahimta kaɗai ba. Masana irin su Ian Linden da Adell Patton, waɗanda suka bi diddigin Isawa da Ningi, sun nuna yadda addini da siyasa suka cakuɗe a wannan lamari.

Akwai abin da ya kamata a faɗa dalla-dalla, domin ɓangarori biyu kan ja labarin zuwa inda suke so. Isawan farko ba Kiristoci ba ne irin na coci. Ba a yi musu baftisma ba, ba su da fasto, Alƙur'ani ne littafinsu. Amma kuma ba 'yan koren Bature ba ne, tun da babu Baturen da ya koya musu komai. Hausawa ne da suka yi karatu, suka kai ga wata fahimta, suka biya ta da jininsu, suka riƙe ta a ɓoye kusan shekara hamsin. Ko ka yarda da fahimtar tasu ko ba ka yarda ba, tsire mutum a kasuwa saboda abin da ya gaskata zalunci ne, kuma ya kamata a kira shi da sunansa.

## Daga Gimi zuwa Wusasa

A 1900 Bishop Herbert Tugwell na mishan ɗin CMS ya iso Kano da ayarinsa, cikinsu har da wani matashin likita, Walter Miller. Sarki Aliyu Babba ya ce su tattara su bar masa gari. Suka koma Girku. Miller bai haƙura ba. Zuwa 1905 ya samu zama cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Wannan zama nasa cikin ganuwa shi ne babban abin da ya kauce wa dokar da muka ambata, kuma bai taɓa yi wa Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi daɗi ba, haka ma jami'an Turawa.

A 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka zo wurin Miller. Suka ba shi labarin kakanninsu, suka ba da 'ya'yansu a sa su makaranta, da yawansu suka karɓi baftisma. Da yake a warwatse suke, aka nema musu fili a Gimi, cikin ƙasar Zazzau, suka kafa ƙauyen Kiristoci Hausawa na farko, wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson, yana kula da su. Suka yi gonaki, suka gina coci da makaranta.

Sai ƙudan tsando ya shigo musu da ciwon barci. Mutanen da suka tsira daga takobi, suka jure shekaru na ɓuya, ciwo ya dinga ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, manya da yara. Kafin Gimi ta cika shekara goma an watse. Waɗanda suka rage, galibi marayu da gwauraye, aka kwaso su zuwa Zariya.

A 1929 aka fitar da mishan ɗin daga birni zuwa Wusasa, gindin dutse, yamma da ganuwa. Can aka gina cocin St. Bartholomew da makaranta da asibitin St. Luke. Ƙaramin wuri ne, amma dubi waɗanda ya fitar. Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda aka zaɓa shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1949, kafin ta rikiɗe ta zama NPC. Sunansa ne a kan asibitin Barau Dikko na Kaduna. Farfesa Ishaya Audu, daga zuriyar Isawa, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, daga baya ministan harkokin waje. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, littafin da ɗaliban Hausa ke karantawa har gobe, da yawansu ba tare da sanin ko wane ne marubucin ba. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya girma, inda mahaifinsa yake aikin bishara. Wanda ya ce a cire Kiristocin Hausa daga tarihin Arewa, sai ya fara da yage waɗannan shafuka.

## Cocin da aka gina da tubali

St. Bartholomew ta Wusasa ta cancanci a je a gani da ido. Ba hasumiyar Turawa, ba jan bulo. Katangu ne masu kauri na tubali da ƙasa, rufin azara a kan bakan gizo, irin wanda ake yi wa zauren sarki. In ka shigo daga zafin bazara, sanyin ɗakin ne zai fara tarbar ka, sannan idonka ya saba da hasken da ke shigowa ta ƙananan tagogi, ka ɗaga kai ka ga yadda bakunan suka tashi daga bango suka haɗu a sama. Hannun da ya yi wannan aiki, sana'arsa ɗaya da ta Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Ita ce kuma sana'ar da ta ɗora Gidan Madaki na Kafin Madaki, wanda gwamnati ta sa cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956.

Ginin ƙasa yana da sharaɗi: sai da yaɓe. Damina biyu ko uku in aka yi sakaci, indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, gara ta shiga azara, shi ke nan. Kuma ba ruwa kaɗai ke cin irin waɗannan gine-gine ba. Sau da yawa ikilisiya ce da kanta, in ta yi yawa ta yi kuɗi, take rushe ɗakin da kakanni suka ɗora, ta kafa na siminti da tayil. Ana ganin ci gaba ne. A ƙauyukan Bogoro da Dass da Tafawa Ɓalewa da ƙasar Tangale, ɗakunan sujada na farko da yawa ta haka suka tafi, ba wanda ya ɗauki ko hotonsu.

## Gadon da ya fi gini yawa

Abin da ya fi kowane gini yaɗuwa shi ne harshe. Wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, Dorugu, wanda aka 'yanta daga bauta, ya bi wani Bature, Heinrich Barth, zuwa Ingila a 1855. Daga bakinsa wani ɗan mishan, J. F. Schön, ya ɗebi yawancin Hausar da ya rubuta littattafansa da ita, har da fassarar sassan Linjila. Dorugu ya dawo gida, ya rasu a Kano a 1912. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, Miller na kan gaba a aikin, tare da Hausawan da suka zauna da shi suna tace kowace jimla.

Wannan littafi, da littafin waƙoƙi, su suka mayar da Hausa harshen sujada daga Zuru har Numan. Basayi da Bajari da Batangale da Angas, kowa da harshensa a gida, amma ranar Lahadi da Hausa suke addu'a. Sunayen ƙungiyoyin ma da Hausa aka raɗa su: TEKAN, wato Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, EYN, Ekklisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta faro daga Garkida a 1923, Sabon Rai Don Kowa, Zumuntar Mata.

Tsaya kusa da wata cocin ECWA ko COCIN a Yalwa da safiyar Lahadi, lokacin da aka ba Zumuntar Mata fili. Za su taso cikin anko, zani da kallabi iri ɗaya, ɗaya ta rungume tulu tana buga bakinsa da tafin fata, wata na kaɗa kacau-kacau, mai ba da waƙa ta ɗaga murya, saura su amsa. Karin na gida ne, Hausar ta gida ce. Yawancin waƙoƙin ba a rubuce suke ba. Matan ne ke tsara su, su koya wa na baya. Duk tsohuwar da ta rasu, da wasu take tafiya.

## Shekarun wuta

Daga 1987 abin ya canja kama. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na shekarar ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙona coci-coci masu yawa, a Kafanchan kuma aka ƙona masallatai. A Afrilun 1991 rigimar da ta faro kan nama a Tafawa Ɓalewa ta shigo garin Bauchi, aka yi asarar rayuka da wuraren ibada, har gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Babalakin. Ranar 3 ga Yuni 2012 ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a wata coci a Yalwa, fiye da mutum goma suka mutu. Ranar 23 ga Satumba na shekarar wani ya nufi St. John da mota. Shingen bakin ƙofa ne ya hana shi kutsawa ciki, duk da haka an rasa rayuka, da dama suka jikkata. A Nijar ma, ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, an ƙona coci-coci da dama a Damagaram da Yamai.

Tun daga lokacin siffar ƙofar coci ta sauya. Durom-durom cike da kankare a bakin titi, samari da na'urar bincike a hannu, mata na barin jaka a gida, mota kuma a ajiye ta can nesa. Yaran da aka haifa bayan 2012 sun ɗauka haka ake shiga ɗakin ibada tun asali.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Musulmi ma an kashe su, an rushe musu masallatai, an raba su da gidajensu, a Yalwan Shendam a 2004, a Zonkwa a 2011, a garin Tafawa Ɓalewa kanta. Boko Haram ta kashe limamai da masallata ba adadi. Ba gasar wanda ya fi shan wuya ake yi ba. Abin da ya shafi batunmu shi ne, duk cocin da ta ƙone, ba rufi da benci kaɗai ke tafiya ba. A ofishin fasto ake ajiye rajistar baftisma da ta aure da ta mutuwa, da littafin taron dattawa. Ga iyalai da yawa a kudancin Bauchi, wannan rajista ce takarda ta farko a duniya da ta ɗauki sunan kakansu.

## Waɗanda ke ɓoye har yanzu

Hausawa da Fulani da Barebari Kiristoci suna kiran kansu Masihiyawa, suna da ƙungiya, Tarayyar Masihiyawan Nijeriya. Mafi yawansu manoma ne a kudancin Katsina da Kano da arewacin Kaduna, wajen Malumfashi da Kafur da Rogo da Ikara, inda Maguzawa da yawa suka shiga Kiristanci, musamman daga shekarun 1970. Kukansu sananne ne: wahalar samun takardar mallakar filin coci, rashin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati, da tambayar da ake musu in sun je neman takardar shaidar ɗan ƙasa. A kudu a ce musu Hausawa, a gida a ce musu baƙi.

Akwai kuma waɗanda ba a ganinsu sam. Mutumin da ya fito daga gidan Musulmi ya koma Kirista yakan rasa mata da 'ya'ya da gado, wani lokaci ya bar gari cikin dare. Wasu sukan zauna shekaru ba wanda ya sani. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, har da 'yancin sauya shi, amma takarda ba ta kwana da mutum a unguwa. Kisan wata ɗaliba Kirista, Deborah Samuel, a Sakkwato ranar 12 ga Mayu 2022, da tsare wata ma'aikaciyar lafiya daga Warji sama da shekara ɗaya da rabi kan saƙon da ta tura game da kisan, kafin kotu ta wanke ta a ƙarshen 2024, sun ƙara wa masu ɓuya dalilin ɓuya.

Mai karatu Musulmi ba baƙo ba ne ga irin wannan labari. Yana karanta Suratul Kahfi ranar Juma'a, labarin samarin da suka ɓuya a kogo don tsira da imaninsu. Ya san mutanen rami na Suratul Buruji, waɗanda malaman tafsiri da yawa suka ce Kiristocin Najran ne da aka ƙona. Ya san cewa da aka matsa wa Sahabbai a Makka, wurin Najjashi, sarkin Kirista na Habasha, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura su. A zamaninmu ma an ga mai aiki da wannan karatu: a Yunin 2018, a ƙauyen Nghar na Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga.

## Me za a iya yi tun da sauran lokaci?

Wasu ƙasashe sun riga mu. Japan ta haramta Kiristanci daga 1614 zuwa 1873, mabiyansa suka riƙe shi a ɓoye. A 2018 UNESCO ta sa ƙauyukansu da coci-cocinsu na yankin Nagasaki cikin kayan tarihin duniya, a ƙasar da Kiristoci 'yan tsiraru ne ƙwarai. Sudan, ƙasar Musulmi, ta ajiye wani ɓangare na zanen bangon cocin Faras, wanda aka tono tsakanin 1961 da 1964, a gidan tarihinta na Khartum. Ba wanda imaninsa ya ragu saboda haka.

Namu aikin bai kai nasu tsada ba. Dattawan ikilisiya su fito da tsofaffin rajistoci daga cikin akwati, a ɗauki hoton kowane shafi da waya, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, ɗaya a kai Gidan Arewa ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. In za a gina sabuwar coci, a gina ta gefe, a bar tsohuwar a tsaye, a riƙa yi mata yaɓe. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda ke kula da Gidan Madaki da zanen duwatsun Geji, ta zagaya kudancin Bauchi ta rubuta ɗakunan sujada na farko da suka rage. Malaman tarihi a jami'ar jiha da ke Gaɗau da kwalejojin ilimi su tura ɗalibai Ningi da Warji da Bayara da Bogoro. Sarakuna da hakimai kuma, waɗanda su ne iyayen ƙasa ga kowa, kalma ɗaya daga bakinsu ta isa ta sa mai unguwa ya ɗauki tsohuwar cocin unguwarsa a matsayin amanar da ke wuyansa.

Kai kuma mai karatu, in akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku ko maƙwabtanku da ya san wanda ya fara ɗora cocin garinku, ko ya ji labarin Isawa daga bakin kakansa, kada ka jira wata hukuma. Ka je ka gaishe shi a makon nan, ka nemi izininsa, ka kunna wayarka, ka bar shi ya yi magana.